Lauyan marar hali: doka ta ba shi, amma awa nawa zai samu?

A watan Agustan 1961 aka gurfanar da wani mutum mai suna Clarence Gideon a gaban kotu a jihar Filorida ta Amurka, ana tuhumarsa da fasa wani gidan wasan sinuka da asuba, da kwashe silalla da kwalaben abin sha. Shekarunsa 50, karatunsa bai yi nisa ba, kuma ba shi da ko sisi. Ya roƙi alƙali ya ba shi lauya. Alƙali ya ba shi haƙuri, ya ce dokar jihar ba ta yarda a naɗa wa mutum lauya ba sai idan laifin na hukuncin kisa ne. Gideon ya miƙe ya kare kansa. Ya yi jawabi, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya kira nasa shaidun, ya yi iya yinsa. Aka ɗaure shi shekara 5.

Daga gidan yari ya ɗauki fensir ya rubuta wa Kotun Ƙolin Amurka koke da hannunsa. Ranar 18 ga Maris 1963 alƙalan kotun su tara, bakinsu ya zo ɗaya: duk wanda ake tuhuma da babban laifi kuma ba shi da halin ɗaukar lauya, dole gwamnati ta ba shi. A watan Agustan shekarar aka sake shari'ar, a gaban alƙalin da ya ɗaure shi da farko, amma wannan karon da lauya mai suna Fred Turner a gefensa.

Akwai wani direban tasi cikin shaidu, wanda ya ce a safiyar da abin ya faru ya ɗauki Gideon, kuma Gideon ya ce masa kada ya gaya wa kowa ya gan shi. Duk wanda ya ji wannan zai ce ai magana ta ƙare, marar gaskiya ko a ruwa gumi yake. A shari'ar farko haka maganar ta wuce ba wanda ya taɓa ta. Turner ya tashi ya tambayi direban ko Gideon ya taɓa faɗa masa haka a baya. Direba ya ce ƙwarai, ya saba faɗa, kuma a fahimtarsa matsala ce tsakaninsa da matarsa. Shi ke nan, shaidar ta sace kamar taya. Turner ya juya kan babban shaidan masu ƙara, ya nuna cewa shi kansa abin zargi ne, mai yiwuwa ma gadi yake yi wa ɓarayin. Cikin kimanin awa ɗaya masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke Gideon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, Gideon yana wurin lokacin da direban ya fara faɗin maganar, kuma duk duniya ba wanda ya fi shi sanin dalilinta. Sai dai bai san nan ne wurin tonawa ba. Ba banza ba ake cewa shari'a saɓanin hankali. Kotu tana da yarenta da lokutanta: akwai maganar da in ba ka faɗe ta yau ba, gobe ta zama haramun a bakinka, akwai takardar da in ka bari aka karɓe ta ba ka yi ƙorafi ba, ka rasa damar kuka da ita a kotun ɗaukaka ƙara. A tsarin shari'ar da Ingila ta yaɗa a ƙasashen da ta mulka, alƙalin kotu tamkar alƙalin wasa yake, usur yake busawa, ba ya buga wa kowa ƙwallo. Tsarin an gina shi ne a kan zaton cewa ƙwararru biyu za su kara, gaskiya ta fito daga karon. Idan ɓangare ɗaya yana da 'yan sanda da masu bincike da lauya mai albashi, ɗayan kuma mutum ne da rabonsa da barcin kirki tun ranar da aka kama shi, to ba karo aka yi ba.

Wannan kuwa ba wanda yake musun sa a yau, kuma tunanin ba sabo ba ne. Tun 1495 Ingila ta yi dokar da ta ce a naɗa wa matalauci lauya kyauta a wasu ƙararraki. Faransa ta yi tata a 1851. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda ƙasashe sama da 170 suka amince da ita, ta tanadi a sashe na 14 cewa a ba wanda ake tuhuma lauya ba tare da ya biya ba idan ba shi da hali kuma adalci ya buƙaci haka. A 2012 babban zauren majalisar ya ƙara fitar da ƙa'idoji na musamman a kan batun. Takarda kam ta cika. Abin da takarda ba ta faɗa shi ne awa nawa lauyan zai zauna a kan fayil ɗinka, daga aljihun wa za a biya shi, da kuma ranar da zai fara ganin fuskarka. A nan ne talaka yake cin shari'a ko ya faɗi, tun kafin alƙali ya zauna.

Mu ɗauki maganar awa, domin lissafi ne kawai. A 1973 wani kwamiti a Amurka ya ƙayyade cewa kada lauyan da ke kare marasa hali ya riƙe fiye da manyan laifuka 150 ko ƙanana 400 a shekara. Mutum mai aikin awa 40 a mako, ba hutu ba ciwo, yana da awa 2,080 a shekara. Raba su: babban laifi ya tashi da kusan awa 14, ƙarami da awa 5. A cikinsu ne zai karanta fayil, ya je gidan yari ya jira a fito masa da mutumin, ya nemo shaidu, ya rubuta takardu, ya yi zaman jiran a kira ƙara, sau da yawa a ɗage ta. A 2023 cibiyar bincike ta RAND, tare da ƙungiyar lauyoyin Amurka, ta sake auna aikin, ta ce mafi sauƙin babban laifi yana bukatar awa 35, shari'ar kisan kai kuma awa 248. Ga shi kuma lauyoyi da yawa ko tsohon ma'aunin ma sun zarce shi nesa ba kusa ba.

Yadda abin yake kasancewa a zahiri ba boyayye ba ne. Lauya yana tsaye a barandar kotu da tarin fayil a hammata, yana kiran suna, don bai san fuskar mai sunan ba. Mutumin ya amsa. Cikin minti biyar zai ji lissafin rayuwarsa: in ka amsa laifi za a ba ka wata shida, ka riga ka yi huɗu a tsare, saura biyu ka koma gida, in ka musa, za a sa ranar shari'a nan da wata takwas, kuma kana ciki har ranar. Mutumin ya ce, "Amma ai ban yi ba." Lauya ya dubi agogo, domin akwai mutum goma sha biyu a bayansa. Ba ƙarya ya faɗa masa ba, lissafin daidai ne, kuma abin takaicin ke nan. A Amurka fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake samu da laifi amsawa suke yi, ba a kai ga sauraron shaidu. Cikin kundin kotu za a rubuta cewa wannan mutumin yana da lauya.

Har ina kotu za ta iya haƙuri da irin wannan wakilcin? A jihar Teksas an yanke wa wani mai suna Calvin Burdine hukuncin kisa a 1984, daga baya aka tabbatar cewa lauyan da kotu ta naɗa masa ya riƙa yin barci ana cikin shari'a, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Duk da haka a 2000 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka ce hukuncin ya zauna, tunda ba a iya nuna cewa barcin ya faɗo daidai wani muhimmin wuri ba. Sai a 2001 cikakken zaman kotun ya juya wannan matsayar. Shekara 17 ke nan kafin a yarda cewa lauya mai barci da babu duk ɗaya.

Wani zai ce ai waɗannan labarai ne ɗaiɗaiku, kuma mai laifi mai laifi ne ko wa ya tsaya masa. Birnin Filadelfiya na Amurka ya ba da amsa ba da niyya ba. Tun daga 1993, duk mutum biyar marasa hali da aka tuhuma da kisan kai, ɗaya ana miƙa shi ga ofishin lauyoyin kare marasa hali, masu albashi da masu bincike nasu, sauran huɗun kuma kotu ta raba su ga lauyoyi masu zaman kansu da ake biya ɗan kuɗi ƙayyadadde. Rabon bin layi ne kawai, ba zaɓe ba. Masana biyu, James Anderson da Paul Heaton, suka bi sawun ƙararrakin, suka wallafa sakamakon a 2012: waɗanda suka faɗa hannun ofishin, samun su da laifin kisan kai ya ragu da kashi 19 cikin 100, yiwuwar ɗaurin rai da rai ta ragu da kashi 62, tsawon ɗauri kuma da kashi 24. Tuhuma iri ɗaya, kotuna iri ɗaya. Lambar da ka faɗa a layi ce ta raba. Ba na zargin lauyoyin masu zaman kansu da mugunta. Idan kuɗin da za a ba ka bai canjawa ko ka yi awa 10 ko ka yi 200, kowace awa da ka ƙara daga bakin iyalinka ka cire ta.

Wannan ya kawo mu ga wanda ke biya. A bakin mutane, in aka ce lauyan gwamnati, mai gabatar da ƙara ake nufi. Shi ya sa wanda ke tsare yakan yi wa lauyan kyauta kallon tuhuma: wanda ya kama ni shi ya aiko ka, to wa kake yi wa aiki? Tambayar ba ta wauta ba ce. Gwamnati ce ke ƙara, ita ce kuma ke yanke yawan kuɗin da za a kashe wajen kayar da ita a kotu. Ɗan siyasa yana iya hawa mimbari ya yi alkawarin ƙarin 'yan sanda a tafa masa. Ban ga wanda zai ci zaɓe da alkawarin ƙara wa waɗanda ake zargi da fashi lauyoyi ba.

Jihar Luwiziyana ta Amurka ta daɗe tana ɗora kaso mai tsoka na kuɗin kare marasa hali a kan tarar da ake karɓa daga waɗanda aka samu da laifi, galibi masu karya dokar tuƙi. Ka ga ke nan ofishin da aikinsa wanke mutane, kuɗin shigarsa yana ƙaruwa ne in an same su da laifi, kuma shekarar da 'yan sanda suka rage rubuta tara, sai a fara sallamar lauyoyi. A jihar Misuri kuwa, a 2016, shugaban ofishin kare marasa hali na jihar, Michael Barrett, ya gaji da roƙo bayan gwamna Jay Nixon ya riƙe wani ɓangare na kuɗinsu. Sai ya tuna dokar jihar ta ba shi ikon miƙa ƙara ga kowane lauya mai rajista, gwamnan kuma lauya ne. Ya rubuta masa wasiƙa ya naɗa shi lauyan wani marar hali. Wani alƙali ya soke naɗin, amma hannunka mai sanda ya isa inda aka aika shi.

Birazil ta bi wata hanya. Kundin tsarin mulkinta na 1988 ya kafa hukumar kare marasa hali a matsayin ɗaya daga cikin ginshiƙan shari'a, gyaran 2004 ya ba hukumomin jihohi 'yancin tafiyar da kansu da gabatar da kasafinsu, na 2014 kuma ya ɗebi shekara 8 a kai lauyoyin hukumar kowane yankin kotu. Wa'adin ya cika a 2022 da sauran yankuna masu yawa da ba su samu ba. Duk da haka a ganina tsarin ya fi, domin lauyan da ba ya tsoron a toshe masa albashi in ya ɓata wa gwamna rai shi ne zai iya kallon ɗan sanda a akwatin shaida ya ce masa ƙarya kake.

Ko da an sami lauya mai lokaci mai 'yanci, in ya zo a makare ihu ne bayan hari. Shari'ar laifi da yawa a ɗakin tambayoyi na 'yan sanda take ƙarewa, cikin kwana ɗaya ko biyun farko, lokacin da mutum ya sa hannu a kan bayanin da wani ya rubuta. A 2001 aka kama wani yaro ɗan shekara 17, Yusuf Salduz, a birnin Izmir na Turkiyya. Ya amsa laifi a hannun 'yan sanda ba lauya, daga baya ya janye, ya ce matsa masa aka yi, amma da wannan bayanin aka ɗaure shi. A 2008 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a ƙa'ida dole mutum ya ga lauya tun daga tambayoyin farko. Hukuncin ya girgiza ƙasashen da suke ganin sun gama wayewa: Sikotland ta gyara dokarta a 2010, Faransa a 2011. Ingila ta riga su tun dokar 1984, inda duk wanda aka tsare a ofishin 'yan sanda yake da damar ganin lauya kyauta, ba a tambayar abin da ke aljihunsa.

Bayan ɗakin tambayoyi sai zaman jira. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutum sama da miliyan 11 da ke gidajen yari a duniya ba a yanke musu hukunci ba. A 1979 wata lauya a Indiya, Kapila Hingorani, ta karanta a jarida labarin fursunonin jihar Bihar, ta kai ƙara Kotun Ƙoli a madadinsu. Aka tarar wasu sun yi zaman jiran shari'a da ya fi iyakar ɗaurin da za a yi musu da a ce an same su da laifi. An yi kiyasin mutum kusan 40,000 aka saki a faɗin ƙasar sanadin wannan ƙarar. Yawancinsu ba gwanin jawabi suke buƙata ba. Wanda zai buɗe fayil ya ƙirga kwanaki suka rasa.

Duk wannan a ɓangaren laifi ne, inda aƙalla doka ta yi alkawari. Mutumin da za a fitar daga gidan haya, ko matar da ke neman riƙon 'ya'yanta, ko ma'aikacin da aka kora ba a biya shi haƙƙinsa ba, a ƙasashe da yawa ba wanda ya yi musu alkawarin komai, alhali rasa muhalli ko ɗa ya fi ɗaurin wata uku ciwo. Johanna Airey, wata mata daga birnin Cork a Ailan, ta nemi kotu ta raba ta da mijin da ke dukanta, ta rasa lauyan da zai tsaya mata ba kuɗi. Gwamnatin ƙasar ta ce ai ƙofar kotu a buɗe take, ta shiga da kanta. A 1979 kotun Turai ta ce haƙƙin da ba za a iya amfani da shi ba ba haƙƙi ba ne. Lauyar da ta tsaya mata, Mary Robinson, ita ce ta zama shugabar ƙasar a 1990.

Ingila ta nuna yadda ake ginawa da yadda ake rushewa. Dokarta ta 1949 kan tallafin lauya ta shafi kimanin kashi 80 cikin 100 na al'umma, wato har da masu matsakaicin hali. Sannu a hankali aka riƙa matse ma'aunin, har dokar 2012, wadda ta fara aiki a Afrilun 2013, ta cire yawancin ƙararrakin iyali da na aiki da bashi da tallafin gwamnati. An ce za a yi tsimi, kuma ma'aurata za su koma sulhu maimakon kotu. Sai masu zuwa sulhu suka ragu, don ashe lauyoyin da aka cire su ne ke tura mutane can. Kotuna suka cika da masu tsaya wa kansu, alƙali yana ɓata lokaci yana koya musu yadda ake cike fom. Birnin New York ya yi akasin haka a 2017, ya ba ɗan haya marar hali lauya idan ana neman korarsa. A 2013 ɗaya cikin 100 ne kacal na 'yan haya ke zuwa kotun da lauya, masu gidaje kuwa kusan dukansu. Bayan dokar, alƙaluman birnin sun nuna kimanin 84 cikin 100 na waɗanda suka sami lauya sun ci gaba da zama a gidajensu.

Ana yawan cewa lauyoyi su riƙa ɗaukar wasu ƙararraki kyauta. Madalla da masu yi, amma ba a gina haƙƙi a kan sadaka, kuma mai sadaka shi ke zaɓen wanda zai ba.

Saura ƙasashen da ko an zuba kuɗin ma lauyoyin ne babu. Lokacin da Saliyo ta fito daga yaƙin basasa, lauyoyin ƙasar ba su fi ɗari ba, kuma kusan duk a babban birni suke. A 2003 Simeon Koroma da Vivek Maru suka kafa ƙungiyar Timap for Justice, suka horar da mutanen da ba lauyoyi ba su zauna a garuruwa suna ba da shawara, suna sulhu, suna bin fayil, sai abin da ya gagara su miƙa wa lauya. A 2012 dokar ƙasar ta amince da irin waɗannan mataimakan. Lauyoyi a wurare da yawa ba sa son wannan, wani lokaci don kishin sana'a, wani lokaci kuma da hujja: mataimaki ba zai iya tsayawa a shari'ar kisan kai ba, kuma gwamnati tana iya fakewa da shi ta ce ta sauke nauyi da araha. Ina tare da su a wannan gargaɗin. Amma mutumin da ya shekara biyu a tsare ba wanda ya leƙa shi ba zaɓi yake yi tsakanin babban lauya da mataimaki ba.

A Malawi tun 2000 'yan tsirarun mataimaka suka fara shiga gidajen yari kullum. Suna tace sunaye, su ware waɗanda wa'adin tsarewarsu ya wuce da waɗanda suka cancanci beli, su kai wa majistare, wani lokaci majistaren ya zo ya yi zama a cikin gidan yarin. Yawan masu jiran shari'a ya ragu sosai. Suna kuma tara fursunoni a tsakar gida su shirya musu wasan kwaikwayo: wannan ya zama alƙali, wancan mai gabatar da ƙara, na uku ya miƙe ya gwada neman beli da bakinsa. In ya yi tuntuɓe 'yan uwansa su gyara masa, ya sake daga farko, har ya iya faɗin inda yake zaune da wanda zai tsaya masa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, kafin ranar da mota za ta zo ɗaukarsu zuwa kotu.